Rassan madacina sun yi tofo sun mutu, alhali na sa musu garin fitar da saiwa

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu da nake tara itatuwan magani a ciki. Akwai wani tsohon madaci da na daɗe ina amfani da ɓawonsa, ina so in samu irinsa sak kafin ya faɗi, don ya fara ruɓewa ta ciki. Na sari rassa arba'in daga samansa, kowanne kamar kamu ɗaya, na tsoma gindinsu a garin fitar da saiwa da na saya, na dasa a leda cikin ƙasa da taki, ina ba su ruwa safe da yamma. Cikin mako biyu kusan duka suka yi tofo, na yi ta murna. Bayan wata guda ganyen ya yanƙwane, da na tuge sai na ga gindin ya yi baƙi, babu saiwa ko ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne zogale da rumman da na soka a ƙasa ban sa musu komai ba sun kama. Shin garin jabu ne, ko ƙara yawansa zan yi? Sannan in itacen ya kama, wannan sinadarin ba zai ɓata maganin ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa wa lambun albarka. Tambayarka ɗaya ce amma 'ya'yanta uku: me ya kashe rassan, ko ƙarin gari zai ceci na gaba, da kuma ko sinadarin yana bin itace har ya shiga maganin da mutum zai sha. Bari in faɗa maka abin da na fi zato tun bayani bai yi nisa ba: da wuya laifin garin ne. Ko wane irin gari ka samu, rassan nan da ka kwatanta mutuwa za su yi, domin an ɗebo su daga inda bai kamata ba, aka kuma ajiye su inda ba za su rayu har saiwa ta fito ba. Na daɗe ina renon dashe, kuma yawancin masu kawo mini irin wannan kuka hankalinsu yana kan kwalbar gari, alhali ita ce ƙaramar aba a cikin aikin.

Abin da ke cikin garin

Kowane itace yana haɗa nasa sinadarin da ke sa saiwa ta fito, ana kiransa oksin. A kan tofo da ƙananan ganyaye ake yinsa, kuma hanyarsa ɗaya ce, daga sama yake gangarowa ƙasa. Idan ka yanke reshe, oksin ɗin da ke saukowa sai ya tarar an datse hanya, ya taru a bakin yankan. Taruwarsa ce ke sa wasu ƙwayoyin halitta da ke kusa da siririyar fatar nan mai santsi da ke tsakanin ɓawo da icce su sauya aiki, su fara gina saiwa. Wannan gangarowar ita ce dalilin da ya sa reshen da aka dasa kai a ƙasa ba ya yin kirki. Yana sane da samansa da ƙasansa ko da ka juya shi.

An daɗe ana bin sawun wannan sinadari. Charles Darwin da ɗansa Francis sun nuna a 1880 cewa wani saƙo yana tasowa daga kan tsiron ciyawa ya sa jikinta ya karkata wajen haske. A 1926 Frits Went, a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ya iya tatso wannan abu daga kan tsiro. Zuwa 1934 aka gane cewa sinadarin da ake kira IAA ne. Sai dai IAA ba ya jure ajiya, haske yana lalata shi, shi kansa itacen yana saurin narkar da shi. A 1935 Zimmerman da Wilcoxon, a cibiyar Boyce Thompson da ke jihar New York a Amurka, suka nuna cewa wasu 'yan uwansa biyu, IBA da NAA, sun fi shi dacewa da aikin fitar da saiwa. Daga wannan lokaci har yau, kusan duk garin da ake sayarwa ɗayan biyun nan ne, ko haɗinsu, aka cuɗa da farar hoda. Duba jikin kwalbarka za ka ga an rubuta ɗaya daga cikinsu da adadinsa. In ba a rubuta komai ba, to a nan kam akwai dalilin zargi.

Aikin garin ke nan: ƙara wa reshe abin da yake da shi, don saiwa ta fito da wuri, ta fito da yawa, ta kewaye gindin. Ba taki ba ne, ba ya ciyar da reshe, ba ya hana shi bushewa, kuma ba ya koya wa iccen da ya manta yadda ake yin saiwa. Zogale da rumman suna da isasshen nasu, jikinsu kuma a shirye yake, shi ya sa ba su jira ka ba.

Tofon da ya yaudare ka

Wannan tofon na mako biyu shi ne ya fi cin zuciyar masu fara aikin. Reshe mai kauri yana ɗauke da abincin da ya tara lokacin yana jikin uwarsa. Da ya ji ɗumi da laima sai idanunsa su buɗe, ganye ya fito da wannan ajiya, ko da babu saiwa ko ɗaya a ƙasa. Kowane sabon ganye kuwa ƙofa ce da ruwa ke fita ta cikinta. Reshen yana zubar da ruwa ta sama, ba shi da bakin sha ta ƙasa, abincin da ya kamata ya tafi gina saiwa ya ƙare a ganye. Ni idan na ga yankakken reshen itace mai taurin kai ya yi saurin tofo, gabana faɗuwa yake yi, don na san tsere aka fara tsakanin ganye da saiwa, kuma ganye ya riga ya yi gaba.

Baƙin da ka gani a gindi kuma labarin ƙasar da ka sa ne. Bakin yanka ciwo ne a buɗe. Ƙasa mai taki cike take da fumfuna da ƙwayoyin da aikinsu ruɓar da abu, ga ruwa safe da yamma ya cika duk 'yan ƙofofin da iska za ta bi. Saiwa ba ta fitowa inda babu iska. Da taki da yawan ruwa, duk kyautatawa ce ka yi nufi, amma jaririn da bai yi haƙori ba ne aka ba ƙashi. Reshen da bai yi saiwa ba yashi mai tsabta yake so, mai ɗanshi, wanda ruwa ke wucewa ta cikinsa.

Ga babban dalilin, wanda ko ka gyara waɗannan biyun zai ci gaba da kayar da kai: tsufan iccen. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan fage maganar gaskiya ce har a zahirinta. Itatuwa da yawa, madaci na cikinsu, suna fitar da saiwa cikin sauƙi idan daga ƙaramin dashe ɗan shekara ɗaya ko biyu aka yanko reshen. Da itacen ya girma ya fara fure da 'ya'ya, sai wannan baiwar ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa. Abin mamakin shi ne yadda ƙuruciya da tsufa suke zaune a jikin itace guda. Gindinsa ne ya fi daɗewa a duniya, amma shi ne aka gina lokacin itacen yana yaro, kuma ya riƙe wannan ɗabi'a ta yarinta. Rassan can sama da suka fito bara, su ne tsofaffi a hali. Kai kuwa daga sama ka saro, wato ka zaɓi ɓangaren da ya fi kowanne nisa da iya yin saiwa. Ƙara gari a kan irin wannan reshe ba abin da zai haifar sai ƙona gindin, ko ya tara wani farin ƙulli mai kama da tabon ciwo, wanda mutane ke ɗauka mafarin saiwa ne, ya zauna haka wata da watanni ba tare da ya zama komai ba.

Inda za ka samo reshen da zai kama

Ka je gindin madacin ka duba da kyau. Tsohon itacen da ya fara ciwo yakan fitar da 'yan tofo daga ƙasan kututturensa, ko a gefen tsofaffin wuraren da aka ɓare. Waɗannan su ne dukiyarka. In babu su, ana iya jawo su: a yi ɗan yanka a ɓawo, kamar faɗin tafin hannu a kwance, ƙasa da tsawon gwiwa daga ƙasa, a gefe ɗaya kawai, daf da lokacin da itacen ke sabon ganye. Yankan yana tare oksin ɗin da ke saukowa, shi kuwa oksin shi ne ke danne idanun da ke barci a cikin ɓawo, don haka sai na ƙasan yankan su farka. Kada ka kuskura yankan ya kewaye gindin, wannan kisa ne. Idan kuma wata rana itacen ya faɗi ko dole ta sa aka sare shi, kada a ƙone kututturen, domin madaci yana tofowa daga kututture, kuma wannan tofon ya fi kowane reshe kamawa.

Hanya ta biyu ita ce aure, wato a haɗa reshen wani itace a jikin wani su manne su zama ɗaya. Ka shuka 'ya'yan madaci, idan dashen ya kai kaurin fensir ka auro masa ɗan reshe daga tsohon itacen. Ko iyakar nan ka tsaya ka sami abin da kake nema, tunda duk abin da ya fito daga saman mahaɗar jikin tsohon ne. Sannan sabon tofon da ya fito a kan ƙaramin gindi yakan fi na kan uwar sauƙin yin saiwa, musamman in aka maimaita auren daga wannan zuwa wani ƙaramin. Ka tuna irin madaci ba ya jure ajiya, da kwanson ya fashe ka tsince shi ka shuka.

Idan tofon ya samu, ka bar shi ya ɗan yi ƙwari, ya wuce laushin da zai lanƙwashe kamar igiya amma bai zama busasshen icce ba. Da sassafe ake yanka, lokacin jikinsa cike yake da ruwa, a jefa nan take cikin leda mai laima a ajiye a inuwa. Kamu ɗaya da ka yi ya yi yawa ƙwarai. Santimita 8 zuwa 15 ya isa, mai gaɓa biyu ko uku, a yanke daidai ƙasan gaɓa da reza ko wuƙa mai kaifi wadda aka goge da sifirit. Wuƙa mai dakushi murƙushe bakin take yi, ruɓa kuwa daga nan take farawa.

Maganar ganye tana son natsuwa. Irin wannan ƙaramin reshe ba shi da ajiyar abinci, da ganyensa yake dafa abin da zai gina saiwa, don haka in ka tsige duka ka kashe shi da yunwa, in ka bar duka ka kashe shi da ƙishirwa. Ganyen madaci mai 'ya'ya ne a jere a kan sanda ɗaya. Abin da nake yi shi ne in cire na ƙasa gaba ɗaya, in bar ganye ɗaya a sama da 'ya'yansa biyu ko huɗu, in rage kowanne rabi da almakashi.

Yadda ake sa garin, da nawa

Garin da ake sayarwa yakan zo da ƙarfi uku. Mai kashi 0.1 cikin 100 na rassa masu laushi ne, mai 0.3 na masu matsakaicin ƙwari, mai 0.8 na icce mai tauri da wuyar kamawa. Wasu kamfanoni da ppm suke rubutawa, wato kashi nawa cikin miliyan, sai ka ga 1000, 3000 da 8000. Abu ɗaya ne. Ga tofon madaci irin wanda na kwatanta, da na tsakiya nake farawa. Ka zuba kaɗan a murfi ko takarda, ka ɗan jiƙa gindin reshen, ka taɓa shi a garin kamar zurfin santimita ɗaya, ka kaɗa shi abin da ya yi yawa ya zube. Farin da ya rage kamar ƙura shi ne daidai. Wanda ya saura a murfin zubarwa ake yi, ba a mayar da shi kwalba, kuma ba a tsoma reshe a cikin kwalbar kanta, don laima da cuta za su shiga su ɓata sauran. Sai ka huda rami da tsinke kafin ka sa reshen, in ba haka ba yashi zai goge garin tun a hanya.

Akwai na ruwa, wanda ni na fi so don ya fi daidaito. IBA zalla ba ya narkewa a ruwa, sai an fara narkar da shi a sifirit. Giram 0.3 a cikin mililita 50 na sifirit, a cika da ruwa mai tsabta zuwa mililita 100, ya ba ka 3000 ppm. Daƙiƙa biyar ake tsomawa, a bari ya sha iska sifirit ɗin ya tashi, sannan a dasa. Akwai kuma wanda ake rubuta wa K-IBA, shi yana narkewa a ruwa kai tsaye, ya fi sauƙi ga rassa masu laushi da sifirit ke ƙonawa. NAA ya fi IBA zafi, tazarar da ke tsakanin isarsa da wucewarsa kaɗan ce.

Kan batun ƙarawa da ka tambaya, a nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido. Oksin da ya yi yawa yana kashe bakin yankan, yana zubar da ganye, yana hana ido buɗewa ko bayan saiwa ta fito. Shahararren maganin ciyawar nan 2,4-D ai ɗan gidan oksin ne, da wannan hanyar yake kashe tsiro. Na faɗi haka ne don na sha jin ana ba mutane shawarar su tsarma shi da ruwa su yi amfani da shi a madadin gari. Kada ka kusanci wannan, balle a kan itacen da za a sha.

In kana son ka wanke garinka daga zargi ko ka kama shi, gwajin ba wuya. Ka yanko rassan tumatir ashirin masu kama da juna, goma ka sa musu, goma ka bar su, ka dasa a yashi ɗaya ka yi musu alama. Bayan mako biyu ka tuge. Duka za su yi saiwa, amma in garin na da rai za ka ga waɗanda aka sa wa sun yi gemu cunkus a daidai inda ya taɓa. Garin da ya sha rana da zafi ko ya shekara biyu a buɗe yakan rasa ƙarfi, don haka a rufe shi a wuri mai sanyi da duhu. Wannan ɗabi'ar ta barin wasu ba a sa musu ba, ka riƙe ta a duk gwajin da za ka yi. Ita kaɗai za ta gaya maka ko zuma, ko ruwan alobera, ko garin kirfa da ake yawan ambata suna yin wani abu. Zuma da kirfa ba su da oksin. In sun taimaka, ta wajen rage ruɓa ne.

Ɗakin da reshen zai zauna

Nan ne ainihin aikin. Reshe mai ganye marar saiwa dole ya zauna cikin iskar da ta ƙoshi da laima, yadda ganyen ba zai zubar da ruwa ba, amma gindinsa bai nutse ba. Manyan wuraren reno suna da na'urar da ke fesa raɓa kowane 'yan mintuna. Ga wanda ba shi da lantarki ko famfo, Roger Leakey da abokan aikinsa a Sikotland sun tsara wani akwati da suka bayyana a 1990, kuma da irinsa nake aiki. Firam ne na katako, a lulluɓe shi da farar leda mai kauri ta ko'ina, ƙasan ya zama kamar kwano da ba ya yoyo. A shimfiɗa ɗan yashi don kada dutse ya huda ledar, a jera duwatsu, a bi da tsakuwa, duka su kai kamar santimita 20. A saman wannan a zuba yashin rafi mai gwari-gwari da aka wanke, kaurin santimita 10, ko a haɗa shi da garin katako da ya daɗe. A kusurwa a tsayar da guntun bututu, ta nan ake zuba ruwa ana kuma duba tsayinsa: ya cika duwatsu da tsakuwa, ya tsaya daidai ƙasan yashin. Yashin yana tsotso ɗanshi daga ƙasa, murfin leda yana riƙe tururi.

Akwatin a inuwa yake zama, inuwa mai haske, irin wadda za ka iya karatu a cikinta ba tare da rana ta taɓa ledar ba. Rana ɗaya ta tsaka ta faɗa kan rufaffiyar leda ta isa ta dafa aikin wata biyu, na gani da idona. Yashin ya fi son ɗumin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. Da sassafe ko da yamma ake buɗewa, a tsince duk ganyen da ya faɗi, a cire reshen da ya ruɓe, a ɗan fesa ruwa a rufe. In rassan kaɗan ne, tukunya mai huji da yashi, a kifa mata farar leda a kan 'yan sanduna, za ta yi.

Daga mako na huɗu ka fara dubawa, ba da fizga ba, ka sa tsinke ta ƙasa ka ɗago. Madacin da aka yanko daga tofo yakan nuna saiwa tsakanin wata ɗaya da biyu. Da saiwar ta kai tsawon gaɓar yatsa sai a mayar da shi leda mai ƙasa, a nan ne ɗan ruɓaɓɓen taki ke da amfani. Kada ka fitar da shi waje a ranar. Ka mayar da ledar cikin akwati, kana ƙara buɗe murfin kaɗan-kaɗan har mako biyu ko uku. Da yawa sukan ci nasarar fitar da saiwa su yi asarar dashen a wannan gaɓa.

Sauran itatuwan lambun

Tunda tarawa kake yi, ka san ba duka ake bi ta hanya ɗaya ba. Zogale, bini da zugu, dashi, ararraɓi da shuwaka ba su bukatar gari. Zogale sanda ake sarowa mai tsawon mita ɗaya ko fiye a binne kashi ɗaya cikin uku. Dashi da ararraɓi masu ƙaro ne, sun fi kamawa in aka sare su lokacin da ba su da ganye, aka bar bakin ya sha iska kafin a dasa, kuma yawan ruwa ne abokin gabarsu. Rumman da lalle suna kamawa da kansu, gari yana ƙara musu yawan saiwa ne kawai. Dogon yaro da zaitun su ne irin waɗanda gari da akwati ke yi wa rana sosai. Tsamiya, kuka da kaɗanya kuwa, kada ka ɓata lokacinka da rassan babban itace. Aure ya fi. Akwai kuma ɗaurin reshe yana jikin uwarsa: a ɓare zoben ɓawo mai faɗin santimita 2 zuwa 3, a kankare santsin, a shafa gari a leɓen sama na yankan, a naɗe da garin katako mai laima a ɗaure da leda, a jira wata biyu zuwa uku. Tunda uwar tana ci gaba da shayar da shi, matsalar bushewa ba ta taso ba. Tsamiya tana karɓar wannan.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: itacen da ya fito daga reshe ba ya yin doguwar saiwar nan ta tsakiya da ɗan iri ke yi. Saiwarsa a gefe take bazuwa, don haka ya fi saurin jin fari, iska ta fi saurin kayar da shi, kuma in saiwa ce abin da ake nema a jikinsa, ba lallai ya ba ka irin ta ɗan iri ba.

Ko sinadarin zai ɓata maganin

Hankalinka ya kwanta. Mu ɗauka miligiram 100 na gari ya manne a gindin reshe, wanda ya ma yi yawa. In mai kashi 0.3 ne, IBA ɗin da ke ciki bai kai sulusin miligiram ɗaya ba. Itacen yana juya shi zuwa irin oksin ɗinsa na asali ya narkar cikin ɗan lokaci, ƙwayoyin ƙasa su cinye saura, kai kuwa sai bayan shekaru za ka taɓa ɓawon. IBA ma ana samunsa a jikin wasu tsirrai haka nan. Inda ya kamata ka yi hattara shi ne garin kansa yana kwalba: kada a shaƙa, kada ya shiga ido, a wanke hannu, a ɓoye wa yara, musamman da yake wasu kamfanoni suna haɗa shi da maganin fumfuna. Wanda ya fi damuna a itatuwan magani shi ne feshin ƙwari da ake yi wa ganyen da za a tsinka bayan 'yan kwanaki, irin na zogale da shuwaka.

Burinka na samun irinsa sak kuwa yana da tushe. Itatuwan da suka fito daga iri sukan bambanta ƙwarai wajen ƙarfin magani. Itacen sinkona, wanda aka fitar da kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawonsa a Faransa a 1820, shi ne babban misali. A 1865 Turawan Holan suka sayi irin sinkona da wani ɗan kasuwa mai suna Charles Ledger ya samo daga Boliviya suka shuka a tsibirin Jaba na Indunusiya. Da suka auna ɓawon sai suka zaɓi itatuwan da suka fi kwinin, suka riƙa aura su a kan gindin wani nau'in sinkona mai ƙarfin jiki, har Jaba ta zama tana ba duniya kusan kashi 90 cikin 100 na kwinin kafin yaƙin duniya na biyu. Sai dai ka sani reshe gadon jini kawai yake ɗaukowa. Ƙasar da aka dasa shi, ruwan da ya sha, shekarunsa da lokacin da aka ɓare shi duk suna da hannu a ɗacin ɓawo, kuma ɗan shekara biyar ba zai yi daidai da uwarsa ba. Sannan in duk madatan lambunka daga uwa ɗaya suke, cutar da ta iya da ɗaya ta iya da duka, shi ya sa nake so ka shuka 'yan iri a gefe, ka kuma nemo tofo daga wasu itatuwan masu kyau.

Ban ga itacenka ba, don haka ba zan iya ce maka ga abin da ke cin cikinsa ba, amma sau da yawa ruɓar tsohon itacen magani daga wuraren ɓara take shiga. Haka ya faru da wani itacen tsaunukan Afirka da masana ke kira Prunus africana, wanda ake sayen ɓawonsa don ciwon mafitsarar maza: ɓara ta yi masa yawa har aka sa cinikinsa ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, a 1995. Ƙa'idar da aka sa masa a Kamaru ita ce a ɓare kashi biyu cikin huɗu masu kallon juna, a bar sauran biyun, a ba shi shekaru ya warke. Madacinka a halin da yake ciki ko wannan ya yi masa yawa. Ka ɗaga masa ƙafa, ka daina ɓararsa har ka sami magadansa, don ƙarfin da zai fitar maka da tofo yake bukata yanzu. Kuma kada ka yanko tofon da ke daf da ruɓaɓɓen wuri, ka zaɓi na ɓangaren da ɓawonsa ke da lafiya. Idan ka je ka duba gindin, ka sanar da ni ko akwai tofo, nawa ne, da kaurinsu, sai mu san ko yanka za a fara ko aure.